Katin Baba amana ne a hannunka

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwana mazauna Ikko, musamman matasanmu na Mile 12, Agege da Idi-Araba, ku ba ni aron hankalinku.

Akwai wani dattijo mai sayar da albasa da muke haɗuwa a sahun Asuba. Bai yi boko ba. Katinsa na ATM kullum yana naɗe cikin leda a aljihun 'yar shara, lambar sirrin kuwa tana kan yaron rumfarsa, ɗan ƙanwarsa da ya ɗauko daga gida don ya koyi nema. Baba zai ce, "Je ka ciro mini dubu 20." Yaro ya ciro dubu 25. Alat ya shigo ƙaramar wayar Baba, Baba ya miƙa wa yaron ya karanta masa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Haka aka yi ta tafiya har damina ta kawo kai, Baba ya je tura kuɗin taki gida, mai POS ya danna sau biyu ya ce, "Baba, kuɗin bai kai ba." Da aka ciro takardar asusun daga banki, wani ya karanta masa layi-layi, dattijon nan bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Da me zan fuskanci uwarsa?"

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaron bai ɗauki kansa ɓarawo ba. A ganinsa ɓarawo shi ne mai haura katanga ko mai yankan aljihu a Oshodi. Shi maɓalli ya danna, inji ya tofo kuɗi. Wasu har cewa suke, "Ai kuɗin banki ne." Wane banki? Gumin mutum ne, wanda ya kwana a kan buhu yana jiran mota daga Arewa. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyar junanmu ta hanyar ɓarna, sai dai cinikin da aka yi da yardar juna. Ayar ba ta ware kuɗin takarda da na cikin waya ba. Ko wannan aiki sata ce da ta kai haddi, ko ha'inci ne da alƙali zai yanke wa hukuncin da ya gani, wannan zancen malamai ne. Haramcinsa dai babu mai ja.

Tun kafin a je lahira, hukuma tana da nata tanadin. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta keɓe sashe na 33 ga katin banki. Wanda ya yi amfani da kati da niyyar zamba ya ciri kuɗi ko ya sayi kaya, ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ne, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 5, ko duka biyun, sannan ya biya mai katin abin da ya yi asara. Satar katin kaɗai, ko sisi ba ka cira ba, tana iya jawo shekara 3 ko tarar naira miliyan 1. Wanda kati ya faɗo hannunsa, ya san ɓata ya yi, ya riƙe da niyyar amfani da shi ko sayarwa, shi ma har shekara 3 ne. Saboda haka "tsinta na yi" ba ta fitar da kowa. A addini ma tsintuwa cigiyarta ake yi shekara guda, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarta, balle kati da sunan banki ɓaro-ɓaro a jikinsa, sau da yawa har da na mai shi.

Kuma wannan sata ce mai barin sawu. Injin yana da kyamara, asusu yana ɗaure da BVN, kowane ciri da ranarsa da mintinsa. Ofishin EFCC yana nan titin Awolowo a Ikoyi, Babbar Kotun Tarayya ma a Ikoyi take, Kirikiri kuwa ba ta da nisa. Ka baro Sakkwato ko Katsina neman halal, a ƙarshe tsohuwarka ta sayar da akuyarta don kuɗin lauya.

Masu POS, ku ma da ku nake. Yaro ya zo da katuna uku masu suna daban-daban, ka ga alama, ka kau da kai saboda caji. In bincike ya tashi, injinka za a fara bi. Ku kuma iyayenmu, in baƙo ya matso a layin ATM yana cewa bari ya taimaka, kada katin ya bar hannunku. A nan ake musanya shi da mataccen kati bayan an leƙi lambar.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai ko sun san matsiyaci. Suka ce wanda ba shi da kuɗi ba shi da kaya. Ya ce matsiyacin al'ummarsa shi ne mai zuwa ranar ƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan. A yi ta ɗibar ladansa ana biyan su, in ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. Ka duba fa, mai sallah ake magana. Yaron Baba ma sahun gaba yake tsayawa.

Wanda ya san ya taɓa, istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin mutum, sai an mayar. Zauna ka lissafa, ka zagaye lissafin ta sama. In kunya ta hana ka fuskantarsa, tura masa ta asusu ko ta hannun liman, ko da kaɗan-kaɗan ne. In ya rasu, magadansa. In ka nema iya ƙoƙarinka ba ka same shi ba, ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare shi.

Baba bai kai ƙara ba. Ya saya wa yaron tikitin mota, ya haɗa masa da guzuri. Yanzu da ƙafarsa yake zuwa wurin mai POS, ya kare injin da hularsa, ya danna lambobin nan huɗu a hankali da yatsa ɗaya.