Ba Majalisar Tarayyar Amurka ke yanka mazaɓun jihar Montana ba

Mutane da dama sun ɗauka daga Washinton ake shata iyakokin mazaɓun Amurka. Ba haka ba ne. Abin da tarayya ke yi shi ne raba kujeru 435 na Majalisar Wakilai tsakanin jihohi bayan ƙidayar da ake yi duk shekara goma. Shata iyaka kuwa aikin jiha ne.

Misali, jihar Montana ta rasa kujera ɗaya daga cikin biyun da take da su bayan ƙidayar 1990, sai ya zama daga 1993 wakili guda ke ɗauke da jihar kacokan, duk faɗinta. Ƙidayar 2020 ta dawo mata da ta biyu, kuma wani kwamitin shata mazaɓu na jihar mai mutum biyar ne ya raba ta gabas da yamma. Kwamitin nan ne ke yanka mazaɓu 100 na majalisar wakilan jihar, ya haɗa bibbiyu su zama mazaɓun sanatoci 50.