Na'ura ba ta bincike, mutane ke yi

Duk sa'ad da wata jami'a ta buɗe sabon ɗakin binciken wutar sola da kayan lantarki, labarin da ke fitowa kusan iri ɗaya ne: an yanke ƙyalle, an faɗi maƙudan kuɗin da aka kashe wajen sayo na'urori, an ɗauki hoton shugaban jami'a da farfesa guda a gaban farantan sola. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a cikin wannan shagali ba a jin wanda ya tambayi su waye za su zauna a ɗakin bayan baƙi sun watse, nawa aka ware domin albashinsu, kuma shekara nawa za a iya riƙe su.

Tarihin wannan fanni ya isa ya sa masu wannan ɗabi'a su ji kunya. A Jami'ar New South Wales da ke Ostareliya, Farfesa Martin Green ya jagoranci tawagar da ta fito da fasahar PERC, wata hanyar ƙera ƙwayoyin sola (ƙananan sassan da ake haɗawa su zama faranti), a shekarun 1980, wadda daga baya ta mamaye kasuwar faranti a duniya. Amma hannuwan da suka yi shekara da shekaru suna sarrafa silikon har ingancin ƙwayar sola, wato kason hasken rana da take mayarwa lantarki, ya kai kusan kashi 25 cikin 100 a 1999, na wasu masu bincike biyu ne a tawagarsa, Zhao Jianhua da Wang Aihua. Wani ɗalibin wannan jami'a, Shi Zhengrong, ya koma Sin ya kafa kamfanin Suntech mai ƙera farantan sola a 2001. A yau Sin ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan sola na duniya, kuma ilimin da ya taimaka wajen ɗora ta a wannan matsayi a ƙwaƙwalwar ɗalibai ya yi tafiya. Haka nan a Japan, takardar 2009 da ta buɗe ƙofar binciken sinadarin perovskite, wanda shi ma ake iya ƙera ƙwayar sola da shi, sunan wani ɗalibi, Akihiro Kojima, ke farko a kanta, ko da yake yawanci shugaban tawagar, Farfesa Miyasaka, ake ambata.

Su kuwa ma'aikatan fasaha, ko a ƙarshen takarda ba kasafai ake ganin sunansu ba. Ana auna ƙarfin faranti ne ƙarƙashin fitilar da ke kwaikwayon rana, da haske wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, a zafin digiri 25. Fitilar nan tana tsufa, haskenta na sauyawa a hankali, kuma idan babu mutumin da ya san halinta yana daidaita ta da ƙwayar awo, wato ƙwayar sola da aka riga aka san ƙarfinta, duk adadin da ya fito daga ɗakin ƙarya ce mai kama da gaskiya. Irin wannan mutum ne ake ɗauka a kan kwantiragin shekara ɗaya, a sallame shi ranar da kuɗin tallafi ya ƙare, sannan a zo ana mamakin yadda na'ura mai tsada ta koma matattarar ƙura.

Masu aikin inbata ma haka ake yi musu. Faranti na iya kai shekara 25 yana aiki, amma inbatar da ke juya wutarsa zuwa irin wadda gidaje ke amfani da ita ita ce ta fi saurin lalacewa, sau da yawa saboda zafi ya cinye kafasito, wato ɗan ma'ajin wuta da ke cikinta. Injiniyan da ya kwashe shekaru yana neman yadda za ta daɗe ba ya samun kanun labarai, domin aikinsa ba ya haifar da sabon tarihin inganci da za a yi ta yayatawa.

Akwai masu cewa ɗalibai masu wucewa ne, ma'aikacin fasaha kuma ana iya maye gurbinsa ko yaushe; duk mai faɗin haka bai taɓa jiran sabon ma'aikaci ya yi shekara biyu yana koyon abin da na baya ya tafi da shi ba. Wannan rowa ce da aka lulluɓe da sunan tsimi, kuma jami'o'in da ke yin ta suna yaudarar masu ba su tallafi ne da hotunan gine-gine.

Ya kamata hukumomin da ke ba da kuɗin bincike su daina amincewa da sayen kowace na'ura sai an nuna musu albashin dindindin na wanda zai riƙe ta, a kuma tilasta sanya sunan duk wanda ya yi awo a kan sakamakon da aka wallafa.