Raba barci daban, rage barci daban

Jama'ar Maradi, barkanmu da zafi. Wani yayi ya shigo wa samarinmu ta salula, musamman ɗaliban jami'a da masu shirin BAC: wai mutum ya bar kwanciyar dare, ya yayyanka barcinsa gutsi-gutsi, ya samu ƙarin awowin karatu ko na neman kuɗi. Wanda ya fi tashe sunansa Uberman, barcin minti 20 duk bayan awa 4, sau shida dare da rana, jimilla awa 2 ke nan. Akwai ƙanensa Everyman mai ɗan tausayi, awa 3 da dare sai gyangyaɗi uku na minti 20. Masu tallarsu a YouTube da TikTok cewa suke in ka jure wahalar farko ƙwaƙwalwa za ta saba, da ka rufe ido ta faɗa barcin mafarki, wai shi ne mai amfanin, sauran asarar lokaci ce.

Ni dai raba barci bai dame ni ba, a kansa muka tashi. Dubi tsohon da ke layinku. Ana sallame Isha'i ya ɗan taɓa hira ya shige ɗaki, cikin dare ya tashi ya yi nafila, wataƙila ya ɗan koma kafin kiran assalatu, bayan Azahar kuma ya shimfiɗa tabarma a zaure ya yi ƙailula, yaron da ya kuskura ya yi ihu a lokacin ya sha zagi. Suratun Nur, aya ta 58, ta ambaci lokutan sirri uku da yara ma sai sun nemi izini: kafin Asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan Isha'i. Hutun rana yana cikin lissafin tun asali. Hadisin Bukhari da Muslim kuwa ya kawo tsarin Annabi Dawud (AS), yana barci rabin dare, ya yi salla sulusinsa, ya koma ya kwanta sudusinsa. Ka haɗa rabi da sudusi, kashi biyu cikin uku na dare barci ne.

Turawan ma da haka suke. Wani masanin tarihi a Amurka, Roger Ekirch, ya tono tsofaffin takardun Turai ya tarar kafin fitilun zamani mutane na maganar barcin farko da barci na biyu, a tsakaninsu a tashi a yi addu'a, a duba dabbobi, a yi hira. A farkon shekarun 1990 likita Thomas Wehr ya riƙa sa mutane cikin duhu awa 14 kowane dare har kusan wata guda, sai barcinsu ya rabu biyu da kansa, kowane sashe wajen awa 4. Lura da kyau, huɗu da huɗu takwas ne. Wanda ka ba takardar jika goma ya yi maka canji, ko ƴan jika-jika ya ba ka ko ƴan ɗari-ɗari, sai sun cika goma za ka tashi daga gabansa. Mai Uberman jika biyu da rabi yake miƙo maka, ya ce canjinka ke nan.

Ɗan yayata da ke zaune wurina ya gwada, kuma da idona na gani. Ya rubuta jadawali ya manna a bango, ya jera ƙararrawa a salula, har ya roƙi uwar gida ta riƙa yayyafa masa ruwa in ya ƙi tashi. Kwanakin farko sai fara'a, "Kawu, ka ga na gama babi uku kafin Asuba." Daga baya na leƙa littafin nasa. Layin farko rubutu ne tsaf, na biyar ya fara gangarewa, can ƙasa biro ya ja wani dogon zare ya fita daga takardar. A masallaci ya yi sujada muka ɗago bai ɗago ba. Na ce, "Kai, babi ukun nan faɗa mini me ke ciki." Ya yi ta susar ƙeya. Abin da ya fi ba ni mamaki, rantsuwa yake yi garau yake jin kansa.

Wannan rantsuwar tasa masana sun san ta. A 2003 a Jami'ar Pennsylvania an taƙaita wa wasu mutane kwanciya zuwa awa 6 har kwana 14. A ƙarshe kaifin hankalinsu a gwaji ya koma kusa da na wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba sam, amma da aka tambaye su sai suka ce ƴar gajiya ce kawai. Awa 6 fa, ba 2 ba. Dalili kuwa barci zagaye yake yi, kowane zagaye wajen minti 90. Mai nauyi, wanda jiki ke gyara kansa a ciki kuma karatu ke zama a ka, farkon dare ya fi yawa, na mafarki kuma yana tsawaita wajen asuba. Minti 20 ba ya isa a kammala zagaye ko ɗaya. Faɗawa mafarki da wuri da suke fahariya da shi alama ce ta jikin da ya galabaita. Gidauniyar barci ta Amurka ta sa kwamitin masana ya tace binciken da aka yi kan irin waɗannan tsare-tsare, a 2021 suka ce ba su ga hujjar amfaninsu ba, ba su kuma ba da shawarar a bi su ba. Ga baligi har yanzu awa 7 zuwa sama likitocin barci ke faɗa.

Masu tallar tsarin za su kawo maka sunan Buckminster Fuller, wani masanin zanen gine-gine na Amurka, wanda mujallar Time ta ba da labarinsa a 1943, barcin minti 30 duk awa 6. Shi ma ya bari, don abokan harkarsa sun ce su barci za su yi kamar kowa. Za su ce ai masu tseren jirgin ruwa su kaɗai a teku haka suke yi. Gaskiya ne, amma su in sun yi dogon barci jirgi ne zai kife. Kai da katifarka a unguwar Zariya me zai kife?

Inda abin ke ba ni haushi shi ne, mu nan da ma can bashin barci ya yi mana katutu ba tare da wani jadawali ba. A watan Afrilu da Mayu zafi ya haura 40, ɗakin siminti sai ya kai tsakar dare yana huci, a ɗauke kuran fanka ta tsaya, ka jawo katifa tsakar gida sauro ya ce ga shi nan. Sai fada. Ba na zagin fada, ni ma ɗan fada ne, amma shayin da aka ɗora bayan Isha'i, a sha na farko mai ɗaci, a jira na biyu, a jira na uku, sinadarin kafiyin da ke cikinsa sai ya yi wajen awa 5 kafin rabinsa ma ya bar jini. A watse ƙarfe ɗaya, a kwanta da salula a fuska har biyu, biyar da ƴan mintuna ladan ya kira. Wannan saurayin ne kuma zai hau kabu-kabu da safe ya ɗauki matar wani da goyo. A 1997 masu bincike a Ostareliya sun nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hannunsa da idonsa kan yi nauyi daidai da mai giya a jini gwargwadon iyakar da dokar tuƙi ta Faransa ta sa. Ka tuna da wannan in ka shiga motar Dan Isa ko ta Yamai ka ga direba na tauna goro yana murza ido.

Wanda duk ke son gwaji, ga wanda zan sa wa hannu. Ka bar fada da wuri, ka samu awa 6 ko fiye a dare, ka cike da ƙailula bayan Azahar. Minti 20 zuwa 30 ya isa ya wartsake ka, ko kuma ka yi zagaye cikakke na awa ɗaya da rabi in daren ya yi gajarta. Tsaka-tsakinsu ne ke sa ka tashi kai ya yi dam, ba ka san gabas ba. Kada ka kai shi bayan La'asar, zai cinye maka na dare. A goman ƙarshe na azumi, da tahajjudi da sahur ke datse dare, haka muke lallaɓawa, kuma kowa shaida ne yadda gari ke tafiya a kasalance a kwanakin, alhali kwana goma ne kacal.

Sai dai ƙailular ma ba kowa ke samunta ba. Maigida ya ci tuwo ya miƙe a inuwa, matar da ta riga shi tashi, wadda jariri ya tasa sau uku cikin dare, tana bakin murhu ko wanki. Yaron shago a babbar kasuwa an bar masa gadi, uban gida ya tafi gida hutawa. Mai jego ba ta buƙatar wani a YouTube ya koya mata barci gutsi-gutsi, ku tambaye ta yadda take ji da La'asar. In a gidanka akwai irinta, gobe bayan Azahar ka karɓi yaron nan awa guda ka fita da shi zaure.