Wa ke taɓa rubutun bango cikin dare?

Makon jiya ina kwashe tarkacen ɗakin marigayi mahaifinmu na ci karo da Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975. Bangon ya yage, gara ta ci gefen shafuka. Na zauna kan buhun masara da niyyar in ɗan duba, ban tashi ba sai da aka kira Magariba.

Muna sakandare mun ɗauke shi tatsuniya ce: dabbobi sun kori mai gandu, aladu sun zama shugabanni. Orwell ya fitar da shi a 1945, kuma da Stalin da Tarayyar Sobiyet yake. Amma wannan karon wuri guda ya riƙe ni. Dabbobin sun rubuta dokoki bakwai a jikin bango. Ɗaya ta hana kwana a gado, ɗaya ta hana shan giya, ɗaya ta hana dabba kashe 'yar uwarta. Da aladu suka fara kwana a gado, sai aka wayi gari dokar ta sami ƙari, wai gado mai zanen rufa aka hana. Giya kuma shan da ya wuce kima. Kisa kuma wanda ba dalili. Goɗiya ta tsaya gaban bangon, zuciyarta na gaya mata ba haka abin yake ba jiya, amma karatunta bai kai ba, sai ta roƙi akuya ta karanta mata, ta koma tana zargin ƙwaƙwalwarta. Har wani dare suka ji faɗuwa, suka tarar da kakakin aladun a ƙasa, ga tsani a karye, ga gwangwanin fenti a kife, duk da haka yawancinsu ba su gane ba. Wallahi nan idona ya cika da ƙwalla.

In ana maganar ɗaya littafin nasa, 1984, wanda ya fito a 1949, kowa sai ya tafi ga na'urar leƙen asiri da ke kallon mutum har cikin ɗakinsa. Gaskiya ne, kuma abin da Edward Snowden ya fallasa a 2013 game da tattara bayanan wayoyin jama'a a Amurka ya isa shaida. Ni dai ba shi ya fi tayar mini da hankali ba. Aikin Winston Smith ne, jarumin littafin. Ma'aikacin gwamnati ne, kullum sai ya zauna a teburinsa a turo masa tsofaffin jaridu, ya gyara abin da shugaba ya faɗa bara don ya dace da abin da ya faru bana, ya jefa na asalin a rami wuta ta cinye. An rage rabon cakulan, kwana ɗaya tsakani aka fito ana godiya wai an ƙara. Orwell bai ƙago wannan daga iska ba. Akwai hoton Stalin a bakin ruwa tare da Yezhov, shugaban 'yan sandan sirrinsa. Da aka kashe Yezhov a 1940, sai hoton ya sake fitowa babu shi, ruwa kawai a inda ya tsaya.

To a yau fa? A watan Maris na 2022 Rasha ta kafa dokar da za ta iya kai mutum kurkuku shekara 15 kan abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da sojoji, a lokacin da aka hana kafafen yaɗa labarai kiran yaƙin Yukiren da sunan yaƙi. A Sin, ana share zancen kisan dandalin Tiananmen na 1989 daga intanet. A Amurka, a Janairun 2017, da aka kama fadar shugaban ƙasa da zuzuta yawan mahalarta rantsar da Trump, mai ba shi shawara Kellyanne Conway ta ce ai wata gaskiyar ce ta daban, kuma cikin 'yan kwanaki littafin 1984 ya hau kan littattafan da aka fi saye a kantin intanet na Amazon. Shi kansa Amazon ɗin, a 2009, ya goge wasu kwafin wannan littafi daga na'urorin Kindle na mutanen da suka biya kuɗinsu, saboda rikicin haƙƙin mallaka. An mayar musu da kuɗi, amma kowa ya ga cewa hannu na iya shigowa daga nesa ya ɗauke abin da kake karantawa.

Mu ma ba a bar mu a baya ba, kuma nan ne ya fi yi mini ciwo. Wani ɗan takara a yankinmu ya yi alkawari a shafinsa, na karanta da idona, har na nuna wa maƙwabcina. Bayan zaɓe rubutun ya ɓace. Da na tuna masa, ba shi ya amsa ba. Samarin unguwarmu ne, waɗanda muke sallah sahu ɗaya, suka yi mini ca wai ƙazafi nake yi. Sojojin baka na rediyo ko ba komai an san ana biyansu. Waɗannan da datarsu suke yi, kyauta. Sai da na kai ina tambayar kaina ko dai mafarki na yi, kamar goɗiyar nan a gaban bango.

Wasu za su ce Aldous Huxley ya fi hango zamaninmu a littafinsa na 1932, inda ba a bukatar bulala, nishaɗi da ƙwayar sa maye sun isa su kwantar da jama'a. Na yarda da rabin maganar, domin wanda ya kwana yana jan allon waya ba zai tuna farashin mudun gero na bara ba, balle alkawarin shekara huɗu. Amma ni ina ganin biyun aiki ɗaya suke yi: wani ya shagaltar da kai, wani ya ɗauki tsani da fenti.

Na sa an ɗinke Gandun Dabbobin a wurin mai gyaran Alƙur'anai na bakin kasuwa. Daren jiya na fara karanta wa 'yata, mun tsaya daidai inda aka rubuta dokokin a bango. Na ba ta biro da takarda na ce ta kwafe bakwai ɗin ta ajiye, za mu bukace su nan gaba kaɗan.