Wai ni za a tambaya ko na taɓa hura wuta

Sati uku kenan da abin ya faru amma har yau in na tuna sai raina ya sosu, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na huce.

Haya muke a wani tsohon gidan katako a bayan garin Lillehammer, nan Norway. Tun tsadar lantarkin 2022 mutane da yawa suka koma wa murhun icce, mu ma mai gidan hayarmu ya sa mana sabo fil kafin shigowar sanyin bana. Kar ku ɗauka irin namu ne fa. Akwatin baƙin ƙarfe ne tsaye a kusurwar falo, tsawonsa ya kai ƙuguna, da ƙofar gilashi kana kallon wutar tana ci, da ɗan hannu a ƙasa na ƙara iska ko rage ta, sai bututu da ya fita ta sama ya shige bango har ya fasa rufi. Iccen ma a buhun raga ake sayar da shi, lita 40 ko 60, an faskara an yanke tsayi ɗaya, yawanci wani mai farin ɓawo da suke kira bjørk.

Daren nan sanyi ya kai 17 ƙasa da sifili, maigida na aikin dare, yara sun yi barci. Na danƙara masa icce na buɗe iskar gaba ɗaya. Ba a yi awa ɗaya ba sai ƙarfen ya fara ƙas ƙas ƙas, wani irin ƙauri ya cika falon, ba ƙaurin icce ba, kamar roba da fenti suna ƙonewa tare, allurar ma'aunin zafin da ke manne a bututun ta wuce digiri 300, na taɓa bango na ji ɗumi, wallahi gabana ya faɗi don gidan nan daga ƙasa har sama katako ne kuma 'ya'yana suna kwance a bene. Na zura takalmi na ruga na buga wa maƙwabcinmu ƙofa.

Dattijo ne, zai kai saba'in. Ya shigo ya mayar da hannun iskar, ya ɗora tafinsa a bango, ya fita ya ɗaga kai ya duba ko tartsatsi na fita ta sama, ya dawo ya ce ba komai, sabon murhu haka yake, fentin jikinsa ne ke gasuwa, in buɗe taga, bayan hurawa biyu uku zai daina. Sai ya kalle ni a natse ya ce, "Kin taɓa hura wuta kuwa?"

Ni fa. Ni da na tashi a Funtua, tun ina 'yar shekara tara nake durƙushe gaban murhu ina iza wutar tuwon mutum goma sha, na san ɗanyen icce tun daga nauyinsa a hannu, na san bambancin wutar kara da ta marke. Na san ba da raini ya yi tambayar ba, amma ta soke ni.

Gaskiya dai abin da ya koya min daren nan ban san shi ba. Ya ce icce sai damshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. In kana hura ɗanye ko kana toshe iska wutar na ci a hankali, hayaƙin yana daskarewa a cikin bututu ya zama wata baƙar kunkunniya mai danƙo kamar kwalta, ranar da ka cika wuta sai ita kanta ta kama, zafinta na iya haura digiri 1000, ka ji gida na ruri, to nan sai ka rufe iska ka kwashi yara ka kira 110, lambar 'yan kwana-kwana. Shi ya sa ƙaramar hukuma ke turo mai sharar bututu, feier suke ce masa. Na'urar ƙarar hayaƙi da abin kashe gobara kuwa doka ce a kowane gida tun 1990. Ya ce warin da ya tsorata ni ma da sauƙi tunda hanci ya ji, mai kisan ita ce iskar garwashi da ba ta da wari sam. Nan kam jikina ya yi sanyi, don kowa ya san labarin masu shiga ɗaki da kasko da hunturu su kulle ƙofa, da safe a ɓalle.

Amma duk da haka ni dai ban yarda sun fi mu sanin wuta ba. Abin da suka sani ƙarfe ne da bututu da lamba. Su suka gina gida da katako suka toshe ko'ina iska ba ta shiga, suka kawo wuta tsakiyar falo suka kulle ta, dole su zauna cikin tsoro da ma'auni da inshora. Mu tamu a fili take, hayaƙi ya tashi sama abinsa, in icce ya yi yawa ka zare biyu ka yayyafa musu ruwa shi kenan. Kuma ba a barin mace ita kaɗai da wuta tsakar dare, kafin ƙauri ya kai zaure mutum uku sun leƙo suna tambayar me ke ƙonewa.

Abin da ya fi ci min rai ma ba murhun ba ne. Tunda na zo ƙasar nan sau ɗaya na kunna turaren wuta, na'urar hayaƙin da ke silin ta ɗauki ihu har yara suka fashe da kuka, daga ranar kaskona yana cikin kabad naɗe a leda. Gida ya yi ɗumi kam, kana iya yawo da shimi ana ƙanƙara a waje, amma ba ya ƙamshin kowa.

Washegari na kira Inna na ba ta labari, na ce "Inna wai an tambaye ni ko na iya hura wuta." Ta ce "ke 'yar nan, to su waye ke jin ɗumin tare da ke?" Na ce ni kaɗai ce, yara na makaranta. Ina jiyo ƙannena a bayanta suna rigimar wanda zai juya dankalin da suka binne a rushi, sai ta ce in dakata hayaƙi ya shigar mata ido, na riƙe wayar a kunne har ta gama tari.