Tela yana jiran wuta, ana yi masa wa'azin AI

Tun da ma'aikatar sadarwa ta minista Bosun Tijani ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira, wato AI, a Agustan 2024, da wuya a tashi daga wani taro a Abuja ba a ce AI za ta ninka wa ƙananan 'yan kasuwa riba ba. A Janairun 2025 kuma sai hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa, wadda ke ƙarƙashin wannan ma'aikata, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. To da wace datar mai shago zai yi hira da na'urar?

Ku tambayi tela a Fagge abin da ke sa shi saɓa alkawarin ɗinkin sallah. Zai ce wuta. A Oktoban 2024, da aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Wanda ke layin Band A kuwa, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, a Afrilun shekarar aka mayar masa da yunit naira 225. Babu manhajar da za ta juya keken ɗinki in janareto ba mai.

Masu cewa duhun kai ne ke hana mutanenmu karɓar sabon abu, da alama ba su taɓa shiga Kantin Kwari ba. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wa ya shirya wa mai shayi da mai tsire bita? Cikin 'yan makonni suka buɗe asusun OPay da Moniepoint, domin ciniki na wuce su suna kallo. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar lacca kan abin da zai kawo masa kuɗi. In ya ƙi abu, lissafi ya yi.

Akwai kuma abin da masu jawabin ke tsallakewa. AI galibi da bayanin da aka buga a na'ura take aiki, alhali cinikinmu a baki yake: saƙon murya a WhatsApp, bashi a tsohon littafi, sauran a cikin kan maigida da yaronsa. Me za ta karanta?

In da gaske ake, a kawo manhajar da ke jin Hausar kasuwa a ƙaramar waya, a faɗa mata wane ya karɓi yadi goma bashi ta riƙe, ta tuna ranar biya. Kuɗin otal ɗin taron kuma a sa wa layin teloli sola da shi.