Wai ba ta ci kofi ba!

Haba jama'a. Wani bawan Allah, da furfurarsa da komai, ya dube ni jiya ya ce wai duk hayaniyar da ake yi kan 'yar wasan ƙwallon kwando Caitlin Clark iska ce kawai, tunda har ta bar jami'ar Iowa ba ta ɗaga kofin NCAA, wato na gasar jami'o'in Amurka, ba. Sannu da ƙoƙari, malam masani. Kai da rabonka da gudu tun ranar da kare ya biyo ka.

Maki 3,951 yarinyar nan ta zuba a shekara huɗu. A tarihin babban rukunin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka babu namiji babu mace da ya kai haka. A watan Fabrairun 2024 ta wuce Kelsey Plum mai 3,527, kuma a wasan nan da Michigan ita kaɗai ta ci 49. Ranar 3 ga Maris ta haye kan Pete Maravich, wanda makinsa 3,667 ya zauna daram tun 1970 ba mai taɓa shi. Amma wai kofi.

Kofi aikin mutum biyar ne a fili, da 'yan benci, da koci. Sau biyu a jere ta ja Iowa har wasan ƙarshe. A 2023 LSU ta doke su 102 da 85, a 2024 South Carolina ta doke su 87 da 75, kuma a kowanne Clark ta ci 30. Me kuke so ta yi, ta raba kanta gida biyar? South Carolina ɗin nan fa wasa 38 ta buga a kakar, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Kuma a 2023 wa ya fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe? Clark ce, da maki 41.

Na san masu cewa Maravich kaka uku kawai ya buga, kuma a zamaninsa babu jifan maki uku. To, an ji. Sai ta koma 1970 ta buga? Abin da aka ajiye mata shi ta tarar, ta kuma wuce shi.

Tsakani da Allah, in tausayi za a ji, Lynette Woodard ce ta cancanta. Ta ci 3,649 a Kansas daga 1977 zuwa 1981, ita ma ba jifan maki uku, amma da yake NCAA ba ta fara gasar mata ba sai 1982, aka ajiye sunanta a gefe kamar ba ta taɓa riƙe ƙwallo ba. Wannan yana ci min rai. Masu ihun kofi kuwa ko sunanta ba su sani ba.

Wasan ƙarshe na 2024 mutum kusan miliyan 19 suka kalla, ya fi na maza yawan masu kallo. Dawn Staley, kocin South Carolina da ta lashe kofin, a kan dandamali ta tsaya ta gode wa Clark saboda ɗaga darajar wasan. Mai kofin ta yaba, kai mai shayi ka ƙi.

Af, in dai kofi kuke so, ku nemo bidiyon Arike Ogunbowale ta Notre Dame a 2018. Mahaifinta ɗan Najeriya ne. Ta kori UConn da jifa ɗaya saura daƙiƙa guda, bayan kwana biyu ta sake yi wa Mississippi State irinta a wasan ƙarshe daf da tashi, 61 da 58. Ku duba yadda ta karkata jiki kafin ƙwallon ta bar hannunta.